Buhun Burodin Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu yau kwana ashirin da uku, kuma har yanzu ba a sa ta a ƙasa ba. Tana kwance a ɗakin ajiye gawa na asibiti, cikin durowar ƙarfe mai sanyi, da lamba ɗaure a ƙafarta maimakon suna. Ba za a ba mu ita ba sai an tabbatar da ko wace ce. Takarda ɗaya take da ita a duniya, tsohon fasfon da ta shigo ƙasar nan da shi, ni kuwa da hannuna na jefa shi a bola ranar da ta cika. Hanya ɗaya ta rage: wani jininta ya je ya tsaya gaban hukuma, ya ɗora yatsa a kan na'ura, ya ce tasa ce. Duk faɗin Jidda ni kaɗai ce jininta, don yayar mahaifina ce. Ni ma Umara na zo yi, na zauna shekara goma sha ɗaya ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ina ɗora yatsan nan na'ura za ta faɗa musu sauran labarin, a sa ni a jirgi, in bar 'ya'yana mata biyu a nan.

Zaman makokin da ba a binne mamaci ba wani irin zama ne. Mata suna shigowa gidanmu na unguwar Mahjar ɗai-ɗai ko bibbiyu, kowacce da takalmanta a hannu, don tarin takalma a bakin ƙofa shi ke sa motar 'yan sanda ta rage gudu. Ba mai ɗaga murya. Na ga wata ta cusa gefen mayafinta a baki tana kuka, kafaɗunta kawai ke motsi. Duk wadda ta zauna sai ta yi mini ya haƙuri, sannan ta tambaya ƙasa-ƙasa ko an kai ta. In ce tukuna. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta sunkuyar da kai. Da aka yi mako guda sai suka daina tambaya da baki, suna shigowa su dubi fuskata su samu amsa.

Maƙwabciyarmu, Bahaushiyar Sudan, ta yi kwana bakwai tana aiko mana da shayi da abinci. Rana ta takwas ta zo da kanta, tana ta kame-kame, ta ce ita dai ba ta sani ba ko an fara ƙirga kwanakin, tunda ba a rufe ta ba. 'Yan matan da aka haifa a nan suka yi mini ta'aziyya da Larabci, ɗaya ta lalubo Hausa da ƙyar ta ce Gwaggo ce ta huda mata kunne. Mai kantin bakin layi, mutumin Yaman, har yau yana ɗaure kwalayensa da igiya ya jingine a gefen ƙofa kamar yadda ya saba ajiye mata, ban san wa yake jira ya ɗauka ba. Aminiyar Gwaggo kuwa, tsohuwar da suka hau jirgi ɗaya suka zo aikin Hajji tun kafin a haife ni, kullum sai ta zo ta zauna a kusurwa da carbinta, ta juya mini baya. Ba ta ce mini uffan ba tun ranar farko, kuma na san dalili.

A asibiti sun rubuta ta a matsayin matar da ba a sani ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki biro, don a san cewa an san ta.

Sana'ar Gwaggo bola ce, ba sai na yi kwana-kwana ba. Da an sallame sallar asuba take fita da wani tsohon keken jarirai da ƙugiyar ƙarfe, mai a-kori-kura ya kwashe su da sauran tsofaffin zuwa Aziziyya, inda gidajen masu hali suke, ya dawo da su da hantsi. Kayanta kashi huɗu ne. Gwangwani a buhu ɗaya, roba a ɗaya, busasshen burodi a ɗaya don masu kiwon tumaki, sai wata farar jaka mai tsabta da take ratayawa a wuya. Wannan ta takardun da ke ɗauke da sunan Allah ce: shafin littafin makaranta, kalanda, katin ɗaurin aure. Ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan, ko daga nesa ta hango shi sai ta sa hannu ta zaro, ta goge da hannun riga. Ran Juma'a take kai su akwatin masallaci. Burodi kuwa ba ta taɓa ɗaukarsa da ƙugiya ba, sai da hannun dama, da bisimilla.

Takan ce, "Duk gidajen layin nan na san su, ko ɗaya ban taɓa shiga ba." Ta san gidan da ake jinya, ta san gidan da aka yi baƙi, ta san amaryar da ba ta iya shinkafa ba, har takan dawo tana jimami wai yarinyar hawa na biyu ta sake ƙona tukunya. Idan na ce Gwaggo ai wannan gulma ce, sai ta ce ita da wa ta yi, da leda?

Ni kuwa kunyar sana'ar nake ji, kuma ban ɓoye ba. Ni mutum ce mai baki, kowa ya shaida. Ɗakinta cike yake da buhuna har rufi, kyankyasai sun mayar da gidan nasu, warin tsamin burodi yana bin kayan sawarmu. Ba a yin mako ban ce mata wata rana sai ta dawo ta tarar na zubar da su duka ba. Sai ta dube ni ta yi murmushi ta ce, da buhunan nan aka saya mini gadon aure, in fara da zubar da gadon. Gaskiya ta faɗa. Ita ta karɓe ni lokacin da bizata ta ƙare ba ni da inda zan sa kaina, ita ta aurar da ni, ita ta yi mini wankan jego sau biyu.

Akwai wani tsoho da ke zaune shi kaɗai a wani gini a Aziziyya. Gwaggo ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ledarsa ta sani: 'yar ƙarama, ƙulli biyu, ganyen shayi da fankon magani da kwalin nono. Wata rana ba ta ga ledar ba. Washegari ma babu. Rana ta uku ta ajiye kekenta ta nufi mai gadin ginin, ita da ko hular direban bas ta hango sai ta tsallaka titi. Ya kore ta, ta zauna a kan matakala ta ce ba inda za ta sai ya hau ya ƙwanƙwasa. Da ya gaji da ita ya hau. Aka ɓalle ƙofa aka tarar da tsohon a ƙasan banɗaki, da sauran numfashi. Gwaggo na jin jiniyar motar asibiti ta bar keken da kayan ta gudu bayan masallaci, ta laɓe har azahar. Da ta leƙo an ɗauke keken. Tsohon ya warke, ledarsa ta dawo, bai taɓa sanin wa ya ceci ransa ba. Mu kuma muka sha mita wata guda a kan keken, wai ba za ta ƙara samun mai tayoyi irin nasa ba.

Haka ta rayu, tsoro a gaba, tsoro a baya. Takalmanta a gefen filo suke kwana. Ba ta taɓa zuwa asibiti da ƙafarta ba, ciwon ƙirjin da ya daɗe yana damunta da zuma da habbatus sauda take lallaɓa shi. Makka tana nan kusa, amma shingen bincike na hanya ya sa a zamana da ita sau biyu kacal ta ga Ka'aba. Duk da haka abin da ta fi tsoro ba kamu ba ne. Ta ce kamu ai gida za a mayar da ita. Abin da ke hana ta sukuni shi ne tallaja, wato firjin gawa, don ta ga matan da suka rasu ba takarda suka yi watanni a ciki. Likkafaninta ta saya da kanta, ta jiƙa da zamzam, ta shanya, ta ninke a akwati. Ranar da ta nuna mini shi ta kama wuyan hannuna har na ji zafi.

"Da na cika ku wanke ni ku kai ni. Kar ki bari in kwana a tallaja, kin ji ko?"

Na ce na ji. Har da dariya na yi, na ce ita za ta binne mu duka.

Babban faɗan da aka yi a gidanmu ba da ni aka yi ba, da maigidana ne. Shi yana da iƙama, kuma bara waccan kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takarda, ya mayar da shi aiki wani kamfani a bayan gari, inda ake ƙona sharar gidaje a samar da lantarki. Shara yake yi a filin da motoci ke juye kaya. Ranar da ya fara aikin ya dawo yana ba mu labari da ɗoki a bakin tire. Ya ce motocin suna juyewa a wani rami mai zurfin gini mai hawa da yawa. Wani ƙaton hannun ƙarfe yana saukowa daga sama ya damƙo shara cike da mota a tafi ɗaya, ya saka a bakin murhu. Zafin wutar yana tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ba da lantarki. Ba abin da ke fitowa ta ɗaya gefen sai toka da ƙarafa, su ma maganaɗisu ya tsince. Gwaggo ta daina cin abinci tana saurare. Da ya gama ta tambaye shi yaushe ake kashe wutar. Ya ce ba a kashewa, ko ranar Idi. Ta ce a'uzu billahi, ta janye hannunta daga tiren.

Sannan ta tambaye shi wa ke tsince burodin kafin a zuba. Ya ce babu. Takardun sunan Allah fa? Ya ce ai malamai sun halatta ƙona irin waɗannan takardu. Nan ta harzuƙa.

"Tare da kunzugun jarirai malaman suka ce a ƙona? Tare da matacciyar kyanwa? Wallahi ka ji tsoron Allah. Abin da nake tsamowa da hannuna kai kake turawa wuta da tsintsiya."

Ya ce da a bar sharar ta taru ta ruɓe tana wari a jeji, ba gara a amfana da ita ba? Ta ce ita ma ai amfana take yi, kuma ba ta taɓa ƙona abincin kowa ba. Ni na sani akwai wani tsoron a ƙarƙashin wannan: an fara sauya kwandunan shara a wasu layuka da masu murfin da ƙugiya ba ta shiga, tsofaffin suna ta raɗe-raɗin cewa nan gaba komai kai tsaye za a riƙa kai wa wutar. Amma wannan ba ta faɗa ba. Sai ta yi rantsuwa ba za ta yi salla a hasken da aka samo daga ƙona ni'imar Allah ba. Ta kashe fitilar ɗakinta, ta zare wayar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a tsakiyar zafin Jidda. Maigidana ya yi ta bayani cewa babu tabbacin lantarkin nasu yana isowa Mahjar, ta ce shi ya bi wayar ya gani? Kwana tara ta yi tana fifita da kwali, ƙuraje suka feso mata a wuya. Ruwan sanyi dai ba ta daina aiko ni in ɗebo mata a firji ba, da na yi magana ta ce wannan ni na buɗe, alhakin a kaina.

Maigidana ne ya fara saukowa. Wata rana ya dawo daga aiki ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya zaro wata takarda daga aljihu ya miƙa mata. Shafin littafin addini ne na 'yan makaranta, ya tsinta a gaban tsintsiyarsa. Ta karɓa da hannu biyu, ta goge, ta saka a farar jakarta. Ta ce, "To, kai ma ka zama ɗan bola. Yalla, mayar mini da wayar abin nan." Tun daga ranar kusan kullum sai ya kawo mata wani abu a aljihu, ita kuma ta ajiye masa ƙanzon shinkafa, don ta san yana so.

Ranar da ta rasu ta fita aiki kamar kullum. Ta dawo da hantsi ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, in ba ta ruwa. Ta sha ta kwanta. Na shiga kicin na ɗora tukunya, na dawo in tambaye ta ko za ta sha kunu, na tarar ta tafi, yatsanta manuni a miƙe. Na rufe mata ido, na ɗaure mata haɓa, na yi salati. Hawaye ko ɗaya bai zo mini ba, tsoro ya riga shi.

Duk wanda ya zauna a nan ba takarda ya san abin da ake yi idan an yi mutuwa a gida. Kafin a kira motar asibiti sai an gyara wuri, don 'yan sanda za su biyo ta su duba ɗaki. Marasa takarda su watse. Duk abin da zai nuna sana'ar da aka hana a kawar da shi, tonon bola kuwa an hana, kuma mai gidan da aka samu kayan a ciki shi zai amsa tambaya. Na buga wa maigidana waya, ya ce yana tafe, in kwashe buhunan in ɗauki yara mu shiga maƙwabta. Na ajiye akwatinta a gefe, don a zatona duk abin da ke da muhimmanci yana ciki, nan ni zan ajiye. Na rataye farar jakar a ƙusa. Sauran na riƙa jansu ɗaya bayan ɗaya zuwa babban kwandon bakin layi, ina waige-waige. Zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba: ina jan buhunan nan, gawarta tana kwance ko sanyi ba ta yi ba, wani ɓangare na zuciyata yana cewa yau dai ɗakin zai sha iska.

Buhun burodi ne na ƙarshe. Na tsaya da shi a bakin kwandon, don na san da ta ga haka da ta tsine mini. Na ji ƙarar mota a bayan layi, ban tsaya ganin ko ta waye ba, na ɗaga na jefa. Bayan azahar, ina ɓoye a ɗakin maƙwabciya, na ji motar shara ta zo ta ɗaga kwandon ta juye, ta matse, ta wuce.

Da la'asar aminiyarta ta iso. An riga an tafi da gawar. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin da na share tas, ta juya ta dubi kowace kusurwa.

"Ina buhun burodin?"

Na ce na zubar. Ta zauna a ƙasa daɓas. Ta ce fasfon yana ɗinke a gindin buhun, tsakanin ninki biyu, a cikin leda. Duk sanda buhu ya tsufa Gwaggo takan farke ta mayar da shi sabo. Dalilinta kuwa, ɗan sanda yana buɗe akwati, yana ɗaga katifa, amma ba wanda zai tura hannu cikin ruɓaɓɓen burodi. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba? Tsohuwar ta dube ni ido cikin ido.

"Ta ce in kin sani za ki ɗauke shi ki sa a akwati, ki samu hanyar zubar mata da kaya."

Maigidana ya nemo direban motar a waya, direban ya ce tuni ya juye. Aka ce shara takan yi kwanaki a ramin tana tsanewa kafin a kai ta wuta, sai na ce to a shiga a ɗauko mana. Maigidana ya ce ba mai shiga, iskar cikin ramin kisa take yi. Washegari ya hau wurin mai tuƙa hannun ƙarfen, wanda ke zaune a bayan gilashi yana kallon ramin daga sama, ya roƙe shi. Mutumin ya tausaya, ya tambayi kalar buhun. Maigidana ya ce fari ne, na shinkafa. Mutumin ya nuna masa ƙasa da hannu, fararen buhuna ne iya ganin ido. Maigidana bai isa ya kai maganar wurin manya ba, don tambayar farko ita ce fasfon wa, kuma me take yi a gidanka. Kwana huɗu yana zuwa aiki yana leƙen ramin, ni kuma ina gida na san abin yana nan, bai ƙone ba tukuna, kuma ba hannun da zai kai gare shi. Rana ta huɗu ya dawo ya daɗe yana wanke hannu a famfo. Ya ce an kwashe wannan ɓangaren an kai wuta, halas, shi ke nan.

Bayan nan ba inda bai je ba. A asibiti da ofishin jakadanci ba wanda ya wulaƙanta shi, amma kowa hujja yake nema, shi kuwa suruki ne, ba jini ba. A gida mahaifina ya rasu, waɗanda suka rage ba su san Gwaggo ba sai a labari. Dattawan unguwa suka zauna suka tashi. Wani ya kawo shawarar a yi amfani da takardar wata mata da ta rasu tuntuni, liman ya ce ba zai sallaci baiwar Allah da sunan wata ba. Fasfona ni yana nan, da sunan kakanmu da garinmu a ciki. An ce idan na je da shi na yi shaida, za a rubuta takardar a sake ta cikin kwana biyu. Ba wanda ya ce za a sake ni.

Mutane sun rabu biyu a kaina. Wasu suna cewa mai rai ake dubawa, ita ta riga ta isa wurin Ubangijinta, kuma komai daɗewa hukuma da kanta takan binne waɗanda ba a sani ba. Idan na tambaya yaushe, sai a ce Allah masani. Maigidana ya ce kar in je, ya ce ƙaramar ko shekara huɗu ba ta cika ba, wanda aka fitar ta wannan hanya kuma ba ya dawowa nan kusa. Wasu ba sa cewa komai, su ne suka fi damuna. Sau biyu ina sa abaya in hau mota har ƙofar asibitin. Na farko na hango mai kaki a bakin ƙofa, na kasa sauka. Na biyu na sauka, na tsallaka titi, na sayi ruwan da ba na jin ƙishinsa, na dawo gida. Ina jin tsoro, tsoron da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Firjin kicin ɗina ma na kasa buɗewa. Da na ja ƙofar sanyin ya bugi fuskata sai in mayar in rufe, yanzu maƙwabciya ke zuwa ta ɗauko mini abin miya.

Shekaranjiya, bayan kowa ya watse, aminiyar Gwaggo ta juyo ta fuskance ni, karo na farko tun ranar rasuwar. Ta ce akwai saƙon da ta manta ba ta ba ni ba. Wai Gwaggo ta taɓa ce mata, idan abu ya kai ga haka, kar yarinyar nan ta kai kanta, ta zauna ta riƙe 'ya'yanta, ta yafe. Ta faɗa tana kallon carbinta. Wannan tsohuwa ko ruwa ne ya tafasa ba ta iya faɗa sai ta haɗa da wallahi tallahi, amma ranar ba ta rantse ba. Na ce mata ta rantse. Maimakon rantsuwar, sai ta jawo ni jikinta. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar da na rufe wa Gwaggo ido, kuma a nan na san zan je.

Ya Allah, ga baiwarka, ka san ta ko da asibiti ba su sani ba. Ta tsince sunanka daga cikin ƙazanta shekara da shekaru, ka tsince ta cikin rahamarka. Ka yafe mata, ka yalwata mata kabarin da muke nema mata, ka tsare ta daga wuta. Wanda duk wannan takarda ta isa hannunsa, ya yi mata addu'a, idan da saura ya sa da ni.

Gobe da safe ne. Na ba maƙwabciya likkafanin, na gaya mata wa da wa nake so su yi wankan idan ban samu halarta ba. Na nuna wa maigidana inda maganin tarin ƙaramar yake. Ɗazu da yamma na zaunar da yaran na yi musu kitso ƙanana-ƙanana, irin wanda ke wata guda bai tsufa ba, don ubansu ko tsaga bai iya ba. Ƙaramar ta yi barci a cinyata tun ban gama ba. Babbar ta shafa kanta ta tambaye ni ko biki za mu je. Na ce a'a, ni kaɗai zan fita, zan je in fito da Gwaggo daga asibiti.

Ta ce, "To, Umma, ku dawo kafin magariba."

Na ce ta juyo in ƙarasa mata gefen kunne.